Yis mai gyararren gado da sukarin madara: a ina aikin ke rushewa?

Auwalu:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Tambayata a kan ruwan cuku take, wato ruwan nan mai fatsi-fatsi da ke saura idan an tsame cuku daga madara. Duk kilo 1 na cuku yakan bar wajen lita 9, kuma a kowace lita akwai gram 45 zuwa 50 na sukarin madara, wato laktos. In aka malalar da shi cikin kogi yakan shanye iskar oksijin ɗin ruwan, kifi ya mutu. Shi ya sa ake neman mai da sukarin itanol, ko na gauraya wa fetur ko na aikin masana'antu. To amma Saccharomyces cerevisiae, yis ɗin da aka fi dogara da shi wajen yin itanol, ko ya yi mako a cikin ruwan cuku ba ya taɓa laktos. Don Allah masu sanin abin a warware mini: me ake dasa masa har ya fara ci, a ina aikin ya fi lalacewa, kuma anya wahalar ta biya, tunda akwai yis ɗin da ke cin laktos tun asalin halittarsa?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Laktos sukari biyu ne a ɗaure, gulukos ɗaya da galaktos ɗaya. Kowannensu in yana shi kaɗai, S. cerevisiae zai ci. Abu biyu ne ya rasa: ƙofar da laktos zai bi ya ratsa tantanin ƙwayar yis ɗin, da enzayim ɗin da zai tsinka ɗaurin, wato furotin mai fasa laktos da ake kira beta-galaktosides ko laktes. Ɗan uwansa Kluyveromyces lactis yana da duka biyun. Ƙwayar gadon da ke gina ƙofar ita ce LAC12, mai gina enzayim ɗin kuma LAC4. Maƙwabta ne a kan kuromosom ɗaya, kuma makunni guda ne a tsakaninsu, wato yankin DNA mai kunna ƙwayar gado, yake tashe su. Tun 1985 Sreekrishna da Dickson a Amurka suka nuna cewa in aka kwaso su biyun aka sa wa S. cerevisiae zai tsiro a kan laktos, sai dai tsiron a hankali yake.

Saboda haka dashen kansa tsohon labari ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne daidaito. In ƙofa ta yi yawa enzayim ya yi kaɗan, laktos ya taru a cikin ƙwayar, yis ya daina girma, wani ma ya mutu. In enzayim ya yi yawa, gulukos da galaktos su fito da saurin da ya fi ƙarfin yis ɗin, wani ya yoyo waje, galaktos kuma ya tsaya a rabin hanya a matsayin galaktos-1-fosfet, wanda dafi ne ga ƙwayar in ya taru. Masu bincike a Jami'ar Minho da ke Fotugal sun ga haka ƙarara. Sun yi ta sake shuka yis ɗinsu a kan laktos, zuriya bayan zuriya, har aka sami wanda ya fi sauri. Da aka duba shi sai aka tarar ya yar da wani yanki na makunnin, ya kuma rage yawan kwafin filasmid ɗin da yake ɗauke da shi, wato ɗan zoben DNA da aka dasa masa gadon a kai. Wato yis ɗin da kansa ya rage abin da aka ɗora masa kafin ya sami sauri.

Injiniya Bashir:
Dakta ta yi maganar cikin ƙwaya, bari in kawo ta cikin tanki. Gram 342 na laktos da gram 18 na ruwa suna ba da gram 184 na itanol da gram 176 na iskar kabon dayoksaid. Ke nan iyakar abin da gram 1 na laktos zai iya bayarwa shi ne gram 0.538 na itanol. A aikace yis na ɗibar wani kaso ya gina jikinsa ya kuma yi gilisarol, don haka wanda ya sami kashi 90 cikin 100 na wannan adadi ya yi ƙoƙari.

Ɗauki ɗanyen ruwan cuku mai gram 48 a lita. Gram 48 sau 0.538 sau 0.9 ya ba ka wajen gram 23. Raba da 0.789, nauyin mililita 1 na itanol a gram, ka sami mililita 29. Ko kashi 3 cikin 100 bai cika ba. Don ka fitar da lita 1 ta itanol sai ka tafasa sama da lita 30 na ruwa. In ka kauraranta sukarin zuwa gram 150 a lita, kana maganar gram 72, wajen kashi 9 cikin 100, lita 11 kawai za ka tafasa. Duk wanda ya tsallake wannan lissafi ya tafi neman yis mai sauri, ya fara gini daga rufi. A kan ɗanyen ruwa ba a buƙatar wani gyaran gado. Buƙatarsa na tasowa ne idan an kaurara.

Sagir:
Yaya Bashir, ni abin da ban gane ba, tunda ana sayar da enzayim ɗin laktes, wanda ake cire laktos daga madara da shi, me zai hana a zuba shi a fasa sukarin tukuna, sannan a sa yis na yau da kullum? Ba dashe, ba dogon zance.

Dakta Hadiza:
Ƙanena Sagir, ana yi, kuma yana aiki, amma sau da yawa rabin aiki yake yi. Da zarar S. cerevisiae ya ji gulukos a kewayensa sai ya kulle ƙwayoyin gadon cin galaktos, wato GAL1, GAL7, GAL10 da ƙofarsu GAL2. Furotin ɗin Mig1 ne ke yin kullewar. Sai ya cinye gulukos tas, sannan ya tsaya ya fara gina kayan cin galaktos. A lokacin oksijin ya ƙare, itanol ya taru, naitirojin ya yi ƙasa, ga shi gina sababbin enzayim na son kuzari. Shi ya sa za ka ga kumfa ta tashi da ƙarfi a ranar farko, ta kwanta, sannan tankin ya yi shiru da rabin sukari a ciki. In ka auna, gulukos babu, galaktos yana nan kusan yadda yake.

Fa'idar fasa laktos a cikin ƙwayar ita ce gulukos ba ya taruwa. Yana fitowa ana cafke shi, don haka kullewar ba ta yin ƙarfi, sukarin biyu su tafi tare. Wani abu kuma: in ka fasa a waje, ka shimfiɗa wa kowace irin bakteriya da baƙon yis gulukos a fili. Sannan shi laktes ɗin da ake sayarwa, na K. lactis, ya fi aiki a pH 6.5 zuwa 7 (pH ma'aunin tsami ne, yana sauka tsami na ƙaruwa), galaktos ɗin da yake fitarwa kuma yana rage masa ƙarfi. Tankin yis kuwa a pH 5 ko ƙasa ake riƙe shi. Ba su jitu ba, sai dai a yi mataki biyu a tanki biyu.

Malama Zulai:
Ni dai ina gefen tambayar Malam Auwalu ta uku, kuma amsata ita ce a mafi yawan lokaci wahalar ba ta biya. Kluyveromyces marxianus, wanda tsofaffin rubuce-rubuce ke kira K. fragilis, yana cin laktos ba tare da an taɓa masa gado ba. Da shi kamfanin Carbery na ƙasar Ayalan ya fara yin itanol daga ruwan cuku a 1978, kuma da irinsa masana'antun madara na Niyuzilan suka daɗe suna yi. Yana girma har a zafin digiri 45, wanda ke nufin kuɗin sanyaya tanki ya ragu ƙwarai, domin tsimawa zafi take fitarwa, kuma a babban tanki sanyayawa ba ƙaramin aiki ba ce. Saurin hayayyafarsa na cikin mafi girma a dangin yis. Ga shi ba ka da ɗawainiyar neman izinin hukuma kan halittar da aka sauya wa gado, kuma ragowar yis ɗin ana iya shanya shi a ba dabbobi ba tare da wata taƙaddama ba. Abin da ya yi shekaru yana gudana a masana'anta ya fi abin da ke kyau a kwalbar gwaji nauyi a wurina.

Injiniya Bashir:
Malama, duk abin da kika faɗa haka yake, sai dai ki duba a wane kauri waɗannan masana'antu suka saba aiki. Itanol ɗin da ke fita daga tankunansu 'yan kaso kaɗan ne cikin 100, nauyin ya koma kan tukunyar tururi, inda ake tafasa ruwan a raba itanol. In ka matsa wa K. marxianus da sukari mai kauri, ga gishiri, ga zafi, juriyarsa ga itanol na faɗuwa. Digiri 45 ɗin nan na girma ne. In ana son itanol mai yawa dole a sauko da zafin, domin zafi da itanol haɗuwa suke yi su sassauta tantanin ƙwayar.

Dakta Hadiza:
In ƙara a kan na Injiniya: akwai maganar oksijin. S. cerevisiae ko da iska a tanki, in sukari ya yi yawa itanol zai yi. Dangin Kluyveromyces ba haka suke ba. In iska ta wadata sai su karkata ga numfashi, su ƙona sukarin su yi ta hayayyafa, ka tashi da tulin yis da ɗan itanol. In ka hana su iska kwata-kwata kuma girmansu ya tsaya. Tazarar da ke tsakani siririya ce, riƙe ta a tanki mai dubban lita sai da na'urar auna iska mai kyau. S. cerevisiae abin da yake so kawai a ba shi iska a sa'o'in farko ya gina ergostarol, sinadarin da ke ƙarfafa tantanin ƙwaya, da kitsen tantaninsa, daga nan a rufe.

Amma ban ce Malama Zulai ba ta da gaskiya ba. In ruwanka gram 50 zuwa 100 ne a lita, ka ɗauki K. marxianus ka huta. Daga gram 150 zuwa sama, ko in kana son sake amfani da yis ɗin zagaye da yawa, nan ne mai gyararren gado ke da abin faɗa.

Malama Zulai:
Na yarda da iyakar da kika ja, ranki ya daɗe, amma a riƙa gwada su kafaɗa da kafaɗa a ruwa ɗaya. Ba a auna ɗaya a tataccen laktos na kwalba, ɗayan a ainihin ruwan cuku mai gishiri, sannan a ce wani ya fi.

Malam Nasiru:
To ga yadda ake irin wannan gwaji ƙarami ba tare da an yaudari kai ba.

A nemi garin ruwan cukun da aka riga aka cire wa furotin. Yawanci kashi 80 zuwa 85 cikin 100 nasa laktos ne, don haka wajen gram 120 a lita zai ba da gram 100 na sukari. A lura da abin da ke rubuce a jikin buhun: in laktos mai ɗauke da ruwa ne, nauyinsa 360 ne ba 342 ba, kuma iyakar itanol ɗinsa 0.511 ce. Mutane da yawa a nan suke ɓata lissafinsu, su ɗora wa yis laifi.

A narkar, a juya a na'urar wulwulawa don laka ta kwanta, a sauko da pH zuwa 5.0. A ƙara naitirojin, domin yis ba ya iya cin furotin ɗin madara, kuma ruwan da aka tace ba shi da wadataccen naitirojin. Rabin gram na yuriya a lita na ba da wajen miligram 230. Gram 1 na amoniyam salfet na ba da wajen 210, sai dai shi yana ƙara tsami yayin da yis ke zuƙe amoniyan. Kada a dafa sukari da naitirojin tare a digiri 121. Ruwan zai koma ruwan ƙasa, abin da ya haddasa launin kuma yana danne yis. A tace ta matatar maikuron 0.2, ko a dafa kowanne daban a haɗa bayan sun huce.

Irin yis ɗin a raine shi kwana ɗaya a kan laktos gram 20 a lita, digiri 30, ana girgizawa. Kada a raine shi a kan gulukos, in ba haka ba zai shiga gwajin da ƙofofinsa a kulle, a yi sa'o'i ana jira. A zuba mililita 100 a kwalba mai cin 250, a sa irin kamar gram 1 zuwa 2 na busasshen nauyi a lita, a toshe da makullin iska mai gilisarol a ciki. Kowane yis kwalba uku, da kwalba ɗaya marar yis don a san abin da tururi kawai ke ragewa.

Sai a riƙa ɗora kwalbar a kan sikeli duk bayan awa 6 ko 8. Nauyin da ya ragu kabon dayoksaid ne, kuma duk gram 1 da ya fita na nufin wajen gram 1.05 na itanol ya samu. Kwalbar nan gram 10 na laktos ke ciki, don haka in komai ya tafi daidai za ta rage wajen gram 4.6, itanol kuma ya kai kusan kashi 6 cikin 100. In ta tsaya a gram 2 da ɗoriya, wato rabi, galaktos za a fara zargi.

Sagir:
Malam, ba za a iya amfani da ɗan madubin nan na auna sukari ba, wanda ake ɗiga masa ɗigo ɗaya?

Malam Nasiru:
Kafin a sa yis, eh, da sharaɗin ka tuna gishirin ruwan ma yana shiga cikin karatun. Bayan an fara tsimawa kuwa zai ruɗe ka, domin itanol ma yana lanƙwasa haske, sai ya nuna maka sukarin da babu. Gwajin DNS, wanda ke auna sukari ta sauyin launi, shi ma ba ya bambance laktos da gulukos da galaktos, kuma in laktos ɗaya ya fashe biyu karatun hawa yake yi. Wanda zai raba maka su ɗaya-ɗaya har da gilisarol da asid ɗin laktik shi ne HPLC, na'urar rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa. In kana son sanin ko enzayim ɗin na nan, sinadarin gwaji na ONPG ya isa: a huda ƙwayoyin, a zuba, in ya koma rawaya yana aiki, a karanta a nanomita 420.

Auwalu:
Allah ya ƙara ilimi. To a ce an bi duk wannan, aiki ya tashi lafiya, zuwa awa 30 ko 40 sai ya tsaya cak da sukari a ciki. Ta ina ake fara bincike?

Dakta Hadiza:
Abin da ya saura a ruwan shi zai gaya maka. In laktos ne zalla ya saura, ba gulukos ba galaktos, matsalar a ƙofa take. Ƙofar Lac12 ba kyauta take aiki ba: duk laktos ɗaya da ya shiga yana jan furoton ɗaya, wato ƙwayar haidurojin mai kawo tsami, kuma sai yis ya kashe ATP ɗaya, ma'ajin kuzarin ƙwaya, ya fitar da furoton ɗin. Laktos ɗaya ATP 4 yake bayarwa in babu iska, ke nan rubu'in kuzarin ya tafi a bakin ƙofa. Wannan na da amfani ta wani gefe, don yis ba ya yin jiki sosai, sukari ya fi tafiya ga itanol. Amma idan itanol ya taru ya sa tantanin ya fara yoyon furoton, ƙarfin da ke jan laktos ciki sai ya raunana, ƙofar ta tsaya alhali yis ɗin da ransa. Maganinsa yawan iri tun farko, iska a sa'o'in farko, isasshen naitirojin, da rage zafi zuwa 30.

In galaktos ne ya taru, hanyar Leloir, wato jerin enzayim ɗin da ke sarrafa galaktos, ita ce ta cushe. An nuna cewa ƙara ƙarfin PGM2, enzayim ɗin da ke ƙarshen hanyar, yana ƙara saurin cin galaktos, haka ma cire masu danniya irin GAL80 da MIG1. A kuma duba galaktitol, wani sinadari da galaktos ke rikiɗewa ya zama, domin enzayim ɗin Gre3 na karkatar da wani galaktos ɗin can, kuma abin da ya tafi can ba ya dawowa itanol.

In pH ya faɗi ƙasa da 4 ga warin tsami, ba laifin yis ba ne, bakteriyar laktik ce. Kada a manta da ita aka yi cukun, tana cikin ruwan tun farko, kuma laktos abincinta ne. Maganinta a dumama ruwan zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 da zarar ya fito, a sanyaya, a sa yis da wuri. Ruwan da ya kwana da ɗumi ya riga ya yi asarar sukari.

Akwai na huɗu da ba a cika lura da shi ba. In laktos ya yi kauri sosai, beta-galaktosides kan ɗauki galaktos ya liƙa wa wani laktos maimakon ya sake shi. Sarƙoƙin da ke fitowa ba sa tsimuwa da sauƙi. A HPLC za ka ga wasu 'yan tuddai kafin na laktos, lissafin sukarinka kuma ya ƙi cika.

Malam Nasiru:
A haɗa da duba ko gadon ma yana nan. A ɗebi ɗan ruwan, a shuka adadi ɗaya a faranti mai gulukos da faranti mai laktos, a ƙirga. In na laktos ya yi ƙasa sosai, filasmid ɗin na zubewa. Faranti mai sinadarin X-gal ma na nunawa: masu enzayim shuɗi, waɗanda suka yar da shi fari.

Sagir:
To ai na ɗauka sai da maganin kashe ƙwayoyi ake riƙe filasmid.

Dakta Hadiza:
A ɗakin gwaji ana sa G418, amma ba mai zuba shi a tankin masana'anta. Sa'ar da aka yi a nan ita ce laktos ɗin kansa shi ne mai gadi. Duk ƙwayar da ta yar da LAC4 da LAC12 ba ta da abin ci, sai ta mutu. Wannan gadin yana aiki ne kawai in a cikin ƙwaya ake fasawa. Akwai wata hanyar, ta sa wa yis gadon lacA na Aspergillus niger ya riƙa fitar da enzayim ɗin waje. Shi wannan enzayim yana son tsami, wajen pH 4 zuwa 4.5, don haka ya dace da tanki da kuma ruwan cuku mai tsami. Amma a nan ƙwayar da ta yar da gadon tana ci daga abin da maƙwabtanta suka fasa, ba ta kashe komai, ta fi su saurin hayayyafa, a hankali ta mamaye tankin. Don aiki mai ɗorewa gara a dasa cikin kuromosom, abin da CRISPR, dabarar yanka da gyara DNA, ya sauƙaƙa yanzu, kwafi ɗaya ko biyu, a ba kowanne makunninsa, irin su TEF1 ko PGK1, a gwada haɗuwa daban-daban har a sami daidaito. Ni a ganina a bar ƙofa da matsakaicin makunni ya fi aminci.

Injiniya Bashir:
Sai maganar kaurarawa, wadda ita ce rabin aikin. Matakin farko a raba kitse da ɓurɓushin cuku, in ba haka ba matata ta toshe a ranar farko. Na biyu matatar tantani mai ramuka wajen kilodalton 10, wadda ke tsare furotin ta bar sukari da gishiri su wuce. Furotin ɗin nan ya fi itanol ɗin daraja, shi ke ɗaukar nauyin masana'antar, kuma in an bar shi a ciki kumfa zai yi ya kuma ƙone a jikin bututun tururi.

Na uku ne ke da zaɓi. Matatar da ke barin ruwa kaɗai ya fita tana ninka komai: in sukari ya ninku uku, gishiri ma ya ninku uku, yis ya sha matsi, ya koma yin gilisarol don kare kansa. Matatar nano ta fi dacewa, domin tana riƙe laktos ta bar wani kaso na sodiyam, fotashiyam da kulorayid su fice. Sai dai ba ta sakin kalsiyam da fosfet, su kuma in suka yi kauri aka dumama sai su daskare su yi ɓawo a jikin tantani da bututu. Sauko da pH kaɗan kafin a kaurara na rage wannan.

Akwai kuma rufin da ba a wucewa. Laktos ba ya narkewa kamar sauran sukari, wajen gram 20 ne kawai cikin gram 100 na ruwa a zafin ɗaki. In aka kai gram 200 a lita aka bari ya huce, za a wayi gari da tsakuwar sukari a gindin tanki da cikin famfo. Saboda haka tsakanin 150 da 180 ake yawan tsayawa, ko a fara da 100 a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yayin da yis ke ci, wanda kuma yana rage haɗarin laktos ya yi wa ƙwayar ambaliya a awa ta farko.

Malama Zulai:
Injiniya, a faɗa wa mutane bambancin ruwan ma. Na cukun da aka daskarar da enzayim pH ɗinsa wajen 6 ne ko sama. Na wanda aka daskarar da tsami wajen 4.5 ne, laktos ɗinsa ya ɗan ragu, asid ɗin laktik da kalsiyam sun fi yawa. In ka kaurara shi ka kaurara asid ɗin. Yawan faɗuwar pH, yawan asid ɗin da ke ratsa tantanin yis ya saki furoton a ciki, ga ƙofar Lac12 ma tana jibgo nata. Asid ɗin asetik ya fi muni, domin a pH 4.5 fiye da rabinsa na cikin siffar da ke ratsawa. A irin wannan ruwa a ɗaga pH zuwa 5 ko 5.5 kafin a sa yis, a kuma ƙara tsanani wajen tsafta tunda an sassauta wa bakteriya.

Auwalu:
Na gode ƙwarai, malamai. Saura ɗaya: bayan an tafasa an kwashe itanol, ruwan da ya rage da shi kansa yis ɗin fa?

Injiniya Bashir:
Tukunyar tururi ba za ta wuce kashi 95.6 cikin 100 bisa nauyi ba, nan itanol da ruwa ke tafasa tare. In na fetur ake so sai an bi da shi ta tsakuwar ziyolait mai lamba 3A ta zuƙe sauran ruwan. Ragowar ruwan gindin tukunya kuwa har yanzu da datti: gilisarol, asid, gawar yis, gishiri, da duk sukarin da bai tsimu ba. Ba a sakin sa haka. A tura shi tankin ruɓarwa marar iska a sami iskar gas ta ƙona tukunyar, sannan a tace abin da ya fito. In an yi amfani da amoniyam salfet ko asid ɗin salfa da yawa, gas ɗin zai zo da warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ci ƙarfe, wannan ma dalili ne na fifita yuriya.

Yis ɗin da ya bi ta tukunya zafi ya kashe shi. Wanda za a kula da shi shi ne wanda aka ware kafin tafasawa don a sake amfani da shi, da ruwan wankin tanki, da kumfar da ta tsallake ta bututun iska. Duk waɗannan sai an dafa ko an sa musu magani kafin su fita, a kuma shuka samfur a faranti mai laktos a tabbatar ba abin da ya tsiro. Izinin aiki da irin wannan yis kuma ya danganta da dokar ƙasar da masana'antar take, a nema kafin a gina tanki.

Malam Nasiru:
In za a sake amfani da yis ɗin, a zaɓi nau'in da ke dunƙulewa ya kwanta da kansa, kalsiyam ɗin ruwan cuku ma na taimaka masa. A dai lura kada dunƙulen ya yi girma har sukari ya kasa kaiwa tsakiyarsa. Kuma kafin a auna yawansa da haske a wanke shi da EDTA, sinadarin da ke kama kalsiyam, ya warwatse, in ba haka ba karatun zai nuna ƙasa da abin da ke ciki.